Tarihin Rayuwar Lee de Forest (1873–1961), Maƙirƙirin Bawul Mai Ƙara Sauti

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya kwana a Bebeji ko Ƙiru ya san cewa ladani ɗaya kan tayar da unguwa guda da asuba ba tare da ya wahalar da maƙogwaronsa ba. Haka abin yake ga mai tallar magani a kasuwar Tudun Wada, da shugaban makarantar da ke yi wa ɗaruruwan ɗalibai jawabi a Doguwa. Kowannensu yakan yi magana a gaban makirufo, muryar ta ratsa ta cikin amfilifaya, sannan ta fito ta lasifika da ƙarfin da ya ninka na asali sau da yawa. Abin ya zama jiki har ba a tambayar mafarinsa. Amma har zuwa farkon ƙarni na 20 babu wata na'ura da ke iya ɗaukar sauti mai rauni ta ƙara masa ƙarfi ba tare da ta dagula shi ba. Na'urar da ta fara buɗe wannan ƙofa wani ɗan ƙwan gilashi ne mai kama da ƙwan fitila, wanda aka fi sani da bawul. Wannan babi ya ƙunshi tarihin mutumin da ya ƙago shi, wato Lee de Forest, wanda ya gano abin da ya sauya duniya amma bai fahimci yadda yake aiki ba.

2.0 Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Lee de Forest a ranar 26 ga Agusta, 1873, a garin Council Bluffs da ke Jihar Iowa ta ƙasar Amurka. Mahaifinsa, Henry Swift DeForest, limamin coci ne. A shekarar 1879 aka naɗa mahaifin shugaban Kwalejin Talladega a Jihar Alabama, makarantar da aka kafa domin ilmantar da baƙaƙen fata bayan an 'yanta su daga bauta. Turawan garin ba su ji daɗin wannan aiki ba, saboda haka suka ƙaurace wa gidan baki ɗaya. Wannan ya sa yawancin abokan wasan Lee 'ya'yan baƙaƙen fata ne.

Tun yana ƙarami aka lura da son da yake yi wa injuna. Yakan tattara tarkacen gwangwani da katako ya haɗa kwaikwayon kan jirgin ƙasa ko tanderun narka ƙarfe. Burin mahaifinsa shi ne ya gaje shi a aikin coci, amma yaron ya nace sai dai kimiyya, har daga ƙarshe mahaifin ya haƙura ya sa masa albarka.

3.0 Karatunsa

Bayan ya yi shekara biyu a makarantar Mount Hermon a Jihar Massachusetts, sai ya shiga sashen kimiyya na Jami'ar Yale a shekarar 1893, ya sami digiri na farko a 1896, shekarar da mahaifinsa ya rasu. Ɗalibi ne mai ƙwazo, sai dai akwai shi da gaggawa. Gwaje-gwajensa sun sha ƙona fis su jefa gini cikin duhu, har wata rana ya kashe wuta ana tsakiyar lacca mai muhimmanci, aka kore shi daga sashen. Ya koma ɗakin binciken fiziya na jami'ar, inda ya kammala digirin dakta a 1899. Bincikensa ya shafi igiyoyin lantarki masu tafiya a iska, waɗanda masanin nan Bajamushe Heinrich Hertz ya tabbatar da samuwarsu a ƙarshen shekarun 1880.

4.0 Shigarsa Harkar Wayar Iska

A lokacin da de Forest ya bar jami'a, duniya ta ɗauki zancen Guglielmo Marconi, ɗan ƙasar Italiya da ke aika saƙon tangaraho ba tare da waya ba, abin da Hausawa suka kira wayar iska. De Forest ya fara aiki a kamfanin Western Electric a birnin Chicago, amma hankalinsa na kan yadda zai sha gaban Marconi. A shekarar 1902 ya haɗu da wani dillalin hannun jari mai suna Abraham White, suka kafa kamfani da sunan de Forest. Kamfanin ya yi fice cikin ɗan lokaci. A 1904 ya sami lambar zinariya a baje kolin duniya na birnin St. Louis, kuma a wannan shekara jaridar The Times ta Landan ta yi amfani da na'urorinsa wajen aiko da labarin yaƙin Rasha da Japan daga cikin teku.

Sai dai ginin ba shi da tushe mai ƙwari. White ya fi damuwa da sayar wa jama'a hannun jari a kan gina tashoshi masu aiki. Bugu da ƙari, kotu ta yanke hukunci cewa na'urar karɓar saƙo da kamfanin ke amfani da ita ta yi karo da haƙƙin mallakar wani masani ɗan Kanada, Reginald Fessenden. A ƙarshen 1906 aka fitar da de Forest daga kamfanin da ke ɗauke da sunansa. Cikin ɗan abin da aka bar masa har da haƙƙin wani ƙwan gilashi da yake gwaji a kai, domin abokan kasuwancinsa ba su ga wata riba a cikinsa ba.

5.0 Ƙirƙiro Audion

Wannan ƙwai yana da tarihi kafin de Forest. A farkon shekarun 1880 Thomas Edison ya lura cewa idan aka sa farantin ƙarfe a cikin ƙwan fitila, lantarki kan tsallaka daga lagwanin ƙarfen da ya yi zafi zuwa farantin, alhali babu waya a tsakaninsu. A 1897 J. J. Thomson ya gano ƙwayoyin lantarki da ake kira ilektoron, waɗanda su ne ke yin wannan tsallake. A 1904 kuma John Ambrose Fleming na Ingila ya yi amfani da wannan wajen ƙera na'urar karɓar saƙon wayar iska mai sassa biyu, lagwani da faranti. Da yake lantarki ta hanya ɗaya kawai yake bi a cikinta, sai ya kira ta bawul, kamar bawul ɗin tayar keke da ke barin iska ta shiga amma ba ta fita.

Bawul ɗin Fleming yana kama saƙo, amma ba ya ƙara masa ƙarfi. Abin da de Forest ya ƙara shi ne sashe na uku. A ƙarshen 1906 ya sa wani maƙerin ƙwan fitila a birnin New York ya lanƙwasa siririyar waya ta yi kamar raga, ya sanya ta tsakanin lagwani da faranti. Ya raɗa wa na'urar suna Audion. Ya nemi takardar mallakarta a ranar 29 ga Janairu, 1907, aka ba shi a ranar 18 ga Fabrairu, 1908.

6.0 Yadda Bawul Yake Aiki

Wanda ya taɓa zuwa madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a ƙasar Bebeji a farkon shekarun 1970, zai fahimci aikin ragar nan cikin sauƙi. Ruwan da ke bayan madatsar yana da ƙarfi ƙwarai, amma ƙofa ce ke ƙayyade yawan wanda zai fita zuwa gonakin rani na Kadawa. Mai kula da ƙofar ba shi ya samar da ƙarfin ruwan ba, iyakarsa ya buɗe ko ya rage, ruwan ya bi umarninsa.

A cikin bawul, lagwani ne ke yin zafi ya riƙa fitar da ilektoron. Faranti kuwa an haɗa shi da ɓangaren batir mai alamar tarawa, saboda haka yana jawo su zuwa gare shi. Raga tana tsakiya a matsayin ƙofa. Idan aka shigar mata da ɗan raunanan lantarkin da makirufo ya samar daga murya, duk motsin da ya yi, komai ƙanƙantarsa, zai sa yawan ilektoron ɗin da ke wucewa ya ƙaru ko ya ragu sosai. Ta haka babban lantarkin da ke fita ta faranti yake ɗaukar siffar muryar da ta shigo. Ke nan ƙarfin daga batir yake, siffar kuwa daga mai magana. Idan aka jera bawul biyu ko uku, na farko yana miƙa wa na biyu, sai ƙarfin ya yi ta ninkawa.

7.0 Abin da Ya Ɓace Masa

De Forest bai fahimci na'urarsa ta wannan fuska ba. Ya yi imani cewa ɗan ragowar iskar da ke cikin gilashin ita ce ke yin aikin, alhali kuwa ita ce ke ɓata shi. Saboda wannan kuskure, Audion na farko ba shi da tabbas. Wani ya yi aiki, wani ya ƙi, kuma da an ƙara masa lantarki sai ya yi shuɗin haske sauti ya dagule. An yi kusan shekara biyar ana ɗaukarsa na'urar kama saƙo kawai.

A shekarar 1911 de Forest ya koma garin Palo Alto a Jihar California, ya kama aiki a kamfanin Federal Telegraph. A can ne a 1912 shi da abokan aikinsa suka jera Audion a kan Audion suka ga sauti yana ƙaruwa. A watan Oktoba na wannan shekara ya nuna wa injiniyoyin kamfanin tarho na AT&T. Na'urar ta yi aiki a kan ƙaramar murya, amma da aka ɗaga murya sai shuɗin hasken nan ya bayyana. Wani matashin masanin fiziya na kamfanin, Harold Arnold, ya gane cewa iskar ce matsala. Shi a ɓangarensa, da Irving Langmuir a kamfanin General Electric, suka zuƙe iskar ƙwarai da gaske, sai bawul ya zama abin dogaro.

A 1913 AT&T ya sayi haƙƙin amfani da Audion a layukan tarho a kan dala 50,000. De Forest ya so fiye da haka, amma yana cikin matsin kuɗi, ba shi da bakin ciniki. A ranar 25 ga Janairu, 1915, aka buɗe layin tarho daga New York zuwa San Francisco, tafiyar fiye da kilomita 5,000, bawul yana sabunta ƙarfin murya a kan hanya.

8.0 Shari'o'insa

De Forest ya shafe shekaru masu yawa yana zirga-zirga a kotu. A watan Maris na 1912 aka kama shi tare da wasu shugabannin sabon kamfaninsa bisa zargin damfarar masu sayen hannun jari ta hanyar gidan waya. A zaman shari'ar da aka yi a ƙarshen 1913, lauyan gwamnati ya nuna Audion a matsayin tarkacen da ba shi da amfani, bai san cewa a daidai lokacin ana shirin ratsa nahiyar Amurka da shi ba. Kotu ta wanke de Forest, ta ɗaure wasu daga cikin abokansa. A 1916 kuma wata kotu ta yanke cewa Audion ya shiga haƙƙin Fleming, wanda ke hannun kamfanin Marconi, amma shi ma Marconi ba shi da ikon amfani da raga. Kowane ɓangare ya riƙe wa ɗaya wuya, har sai da gwamnatin Amurka ta ɗage takaddamar a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Shari'ar da ta fi tsawo ita ce tsakaninsa da Edwin Howard Armstrong. Tun yana ɗalibi a Jami'ar Columbia, a 1912, Armstrong ya gano cewa idan aka mayar da wani ɓangare na abin da ya fito ta faranti zuwa raga, ƙarfin kan ninku sau ɗaruruwa. Shi ne kuma ya fara wallafa ingantaccen bayani kan yadda Audion yake aiki. De Forest ya ce shi ya riga gano dabarar, yana kafa hujja da wata ƙara da ya ji ya kuma rubuta a littafin bincikensa a 1912. A 1934 Kotun Ƙolin Amurka ta ba de Forest gaskiya. Amma yawancin injiniyoyi ba su gamsu ba. Da Armstrong ya je mayar da lambar yabon da ƙungiyar injiniyoyin rediyo ta ba shi saboda wannan aiki, sai ƙungiyar ta ƙi karɓa.

9.0 Rediyo da Silima Mai Magana

Inda de Forest ya yi wa tsaransa nisa shi ne hangen nesa. A lokacin da ake ɗaukar wayar iska hanyar aika saƙo daga mutum ɗaya zuwa wani, shi ya hango ta tana kai kiɗa da labari gida-gida. A ranar 13 ga Janairu, 1910, ya watsa muryar shahararren mawaƙi Enrico Caruso daga wani babban gidan waƙa a New York, ko da yake masu sauraron kaɗan ne kuma sautin bai fita sosai ba. A watan Nuwamba na 1916 tasharsa ta watsa sakamakon zaɓen shugaban ƙasa, sai dai ta rufe da daddare tana cewa Charles Evans Hughes ne ya ci, daga baya ta tabbata Woodrow Wilson ne.

Daga nan ya juya ga silima. Ya fito da tsarin Phonofilm, wanda ke ajiye sauti a gefen fim ɗin kansa a siffar layukan haske da duhu. A ranar 15 ga Afrilu, 1923, ya nuna gajerun finafinai masu magana a New York. Amma ya ɓata da Theodore Case, wanda na'urorinsa ne suka sa tsarin ya yi aiki, saboda bai ambaci gudummawarsa yadda ta kamata ba. Case ya koma wurin kamfanin Fox, kamfanin de Forest kuwa ya durƙushe.

Waɗannan abubuwa biyu sun iso ƙasar Hausa ba da jimawa ba. A 1937 aka buɗe silimar Rex a Kano. A 1944 gwamnatin mulkin mallaka ta fara rarraba shirye-shiryen rediyo ta waya a birnin, aka kafa lasifikoki a wuraren taruwar jama'a. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a ranar 13 ga Maris, 1957, gidan rediyon Kaduna kuma a 1962. Akwatin rediyo mai bawul yana da nauyi, yana cin wuta, kuma idan aka kunna shi sai an jira lagwaninsa ya yi zafi kafin ya yi magana. Shi ya sa rediyo bai zama abin da manomi zai rataya ya tafi gona da shi ba sai bayan zuwan tiransisto, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a 1947, mai aiki da ƙananan batura.

10.0 Amon Bawul

Tiransisto ya maye gurbin bawul a kusan komai, amma har yau makaɗan gita da masu sha'awar sauraron faifai suna neman amfilifaya mai bawul, suna cewa amonsa ya fi taushi da cika. Ɗalibin da ya karanci ilimin furuci zai gane dalili. Idan tsirkiyar gurmi tana kaɗawa sau 220 a daƙiƙa, tare da wannan asalin amo akwai wasu ƙananan amo masu kaɗawa sau 440, da 660, da sauransu. Bambancin ƙarfin waɗannan ƙananan amo shi ke raba muryar algaita da ta sarewa, shi ne kuma ke raba wasalin /a/ da /i/ ko da an furta su da karin sauti ɗaya.

Bawul mai sassa uku yakan ƙara wa sauti ɗan amo na biyu, wato ninkin na asali, wanda kunne ke jin ya dace da shi. Haka kuma idan aka matsa masa fiye da ƙarfinsa, yakan lanƙwasa ƙololuwar sautin a hankali. Amfilifaya mai tiransisto kuwa idan ya kai iyakarsa yakan datse ta lokaci guda, abin da ke haifar da ƙara mai kartar kunne, irin wadda ake ji idan an ƙure lasifika a wurin biki. Sai dai awo ya nuna cewa amfilifaya mai tiransisto da aka ƙera da kyau, kuma ba a ƙure shi ba, ya fi mayar da sauti yadda ya shigo. Daɗin amon bawul wata 'yar karkata ce daga asali wadda kunne ya so.

11.0 Iyalinsa da Ƙarshen Rayuwarsa

De Forest ya yi aure sau huɗu. Matarsa ta biyu, Nora Stanton Blatch, injiniya ce da ta kammala Jami'ar Cornell a 1905, ta kuma yi aiki a ɗakin bincikensa. Auren ya mutu a 1911, kuma cikin dalilan har da son da yake yi ta ajiye aikinta. Ya sami takardun mallakar ƙirƙira fiye da 300. An ba shi lambar girma ta ƙungiyar injiniyoyin rediyo a 1922, da lambar Edison a 1946, da lambar girmamawa ta Oscar a 1960. A 1946 ya rubuta wa masu gidajen rediyon Amurka buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kukan cewa sun cika rediyo da talla da shirme. A 1950 ya wallafa tarihin rayuwarsa, inda ya kira kansa uban rediyo, laƙabin da masana da yawa ba su sallama masa ba. Ya rasu a Hollywood a ranar 30 ga Yuni, 1961, yana da shekara 87. Abin da aka tarar a asusunsa na banki bai wuce dala 1,250 ba.

12.0 Kammalawa

Babu mai musun cewa de Forest ne ya sa raga a cikin bawul, kuma a kan wannan 'yar waya aka gina tarho mai dogon zango, da rediyo, da silima mai magana, da kwamfutocin farko. Haka kuma babu musu cewa na'urar ta zauna shekaru ba ta ba da amfanin da ke cikinta ba, har sai da ta shiga hannun Arnold da Langmuir da Armstrong, waɗanda suka tambayi dalilin aikinta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma yawancin rigingimun de Forest sun taso ne daga ƙin yarda da wannan. Malamin gobe zai haɗu da ɗalibai irinsa a aji, masu kawo amsa daidai amma ba su iya bayyana yadda suka same ta ba. Aikinsa bai ƙare da ba su maki ba, sai ya kai su ga sanin dalili.

Auna Fahimta

1. Kawo sassa uku na Audion tare da bayanin aikin kowanne.
2. Wane kuskure de Forest ya yi game da na'urarsa, kuma su wane ne suka gyara shi?
3. Me ya sa rediyo bai yaɗu a karkarar ƙasar Hausa ba sai bayan zuwan tiransisto?
4. Yi amfani da abin da ka sani na ilimin furuci ka bayyana bambancin amon bawul da na tiransisto.